Shirun Jan Biro

A hukumar da ke sa ido kan bankuna babu mai kiranta da sunanta na yanka. Jan Biro ake ce mata, a bayan idonta mana, don a gabanta "ranki ya daɗe" kowa yake yi, kai a sunkuye. Doguwa ce siririya, tabarau a kan karan hanci, fuskar nan kullum a murtuke. Aikinta ta ɗebi tawaga ta dira a banki ba sanarwa, a ware musu ɗaki, su baje takardu su tono duk abin da aka binne. In na ƙasa da ita suka rubuta rahoto, sai ta bi shi da jan biro layi-layi har takardar ta koma abin tausayi. Manyan manajoji masu tumbi da turare, waɗanda ba sa amsa gaisuwar mai gadi, in aka ce musu ga ta nan a ƙasa tana jiran lif, sai ka ga sun fara neman hanyar banɗaki.

Ko ruwan banki ba ta sha. Za a jera mata shayi da lemo a kan tebur, ta sa bayan hannu ta ture tiren gefe, ta zaro filas ɗinta daga jaka. Wani shugaban banki ya taɓa aika mata da kalanda a ƙarshen shekara, kalanda fa, irin ta ratayawa a bango, ta sa direba ya mayar masa har ofis. Mutane suna ba da wannan labari suna jinjina kai, wai ga mai gaskiya. Gaskiya kam tana da ita, ba mai ƙwace mata. Sai dai akwai mai gaskiyar da kullum yake goge abarsa yana ɗagawa sama don a gani, kuma duk wanda ya zauna da Jan Biro ya san a wannan sahun take.

Ba a kan kujera mai juyawa aka haife ta ba. Tana gab da gama sakandare mahaifinsu ya rasu, ya bar Inna da 'ya'ya biyu, ita da ƙaninta Auta, wanda ko makaranta bai shiga ba. Ta fara aiki a kantar wani ƙaramin banki, a tsaye tun safe har ƙafafu su kumbura, ƙarshen mako kuma tana ajin karatu, har ta ci jarrabawar shiga hukuma. Ta yi aure sau ɗaya, bai yi ƙarko ba. Mijin, wani malamin makaranta mai sanyin hali, ya tattara littattafansa ya ce shi mata ya nema, bai san da mai bincike aka haɗa shi ba. Ba ta sake gwadawa ba. Ta ɗauko Inna ta ajiye a gidanta, Auta kuwa ta riƙe shi riƙon da ko uba sai haka.

Da magana ɗaya ta rene shi: "Ban yarda ba." Ƙwallo, ban yarda ba. Babur, ban yarda ba. Abokin nan mai yawan dariya, ban yarda ba. Ya ce zanen gine-gine yake so ya karanta, ta ce aikin akanta zai koya. Ba ta taɓa ba shi dalili ba, shi ma bai taɓa nema ba, zai shiga ɗaki ya yi ƙunƙuninsa ya fito ya bi. Har ya girma ya ajiye gemu, ya yi mata da 'ya'ya, in zai sauya mota sai ya biyo ta gidan Yaya ya ji ta bakinta. Matarsa ta tsani wannan abu, kuma ba ta ɓoyewa.

Shi ma banki ya shiga, amma ta ɗaya gefen teburin, gefen waɗanda ake bincika. Auta mutum ne mai fara'a da sakin hannu, irin wanda ya san sunan 'ya'yan masinja. Ya daɗe a wani tsohon banki mai tafiyar hawainiya, wanda ba ya tashi sama kuma ba ya faɗuwa, har ya kai shugaban shiyya. Nan ya tsaya cak. Sa'o'insa suna ta hayewa kujerun daraktoci, shi yana nan, shi ake kira ya yi jawabi duk ranar da za a sallami mai ritaya. Abin yana cinsa a rai, duk da dariyar da yake yi.

To, akwai wata ɗabi'a a wannan sana'a da na waje ba zai gane ba sai an faɗa masa. Hukuma ba ta cewa "eh". Banki zai rubuto yana so ya buɗe reshe, ko ya naɗa wani, ko ya fito da sabon tsari. In hukuma ba ta so, za ta yi magana, da kakkausar murya ma. In ta yi shiru, an yarda ke nan, a ci gaba. Shi ya sa ma'aikatan banki suka fi ƙwarewa a sauraron shiru a kan sauraron magana, har taya juna murna suke yi a kai. Wannan ya ce, "Hukuma ta yi shiru," wancan ya ce, "Madalla, a fara aiki." A cikin wannan Auta ya yi furfurarsa ta farko.

A shekarar da daraktan sashen bincike zai yi ritaya, mutum biyu ke hararar kujerarsa. Akwai Jan Biro, akwai wani mataimaki da ake kira Santsi, wanda zai yi dariya da kai da safe, da rana ya kai sunanka sama. A shekarar ce kuma ta gama tona wani banki mai ginin gilashi, sabon tashe, wanda tallansa ya cika kowane allo a titi. Ciki duk ya ruɓe. Masu bankin sun yi ta bai wa kamfanonin kansu rance da ajiyar mutane, suna shafa wa rahotanni hoda. Aka rufe ɗaki aka yanke hukunci: za a rushe majalisar daraktocin, hukuma ta karɓi bankin. Mutane ƙalilan ne suka sani, kowannensu kuma yana ƙarƙashin rantsuwar riƙe sirri, don in magana ta fita, washegari masu ajiya za su ɓalle ƙofa.

Masu ginin gilashi ba wawaye ba ne, sun shinshino abin da ke tafe. Sai suka duba gari kaf, suka rasa wanda ya dace da kujerar babban darakta sai wa? Sai ƙanin Jan Biro. Mugaye! Dabararsu a fili take, wai mace ba za ta rushe gida ƙaninta yana ciki ba. Suka gayyace shi cin abincin rana, suka yi ta zuga shi, suka nuna masa ofis a can ƙololuwar bene inda ake hango gari duka. Da sunansa ya iso hukuma don tantancewa, Jan Biro ta haura wurin Shugaban hukumar ta ce ƙaninta ne, kuma a shaida ta faɗa. Shugaba ya ce ai bincike ya ƙare, ba sauran aikin da za ta janye hannunta daga ciki, kuma ba za a hana naɗin ba, don hanawar tamkar shela ce. "Ke dai ki kama bakinki," ya ce. Santsi yana zaune a wurin yana wasa da makullin motarsa, yana kallonta ta wutsiyar ido.

Ranar Asabar da hantsi Auta ya zo gidan da matarsa. Matar ta wuce ɗakin Inna, shi kuma ya iske yayarsa a baranda tana bai wa shukokinta ruwa. Ya rusuna ya gaishe ta, ya ja kujerar roba ya zauna, baki ya ƙi rufuwa.

"Yaya, kin dai ji."

"Na ji me?"

"Haba Yaya. Sunana ya bi ta ofishinku, kya ce ba ki gani ba?"

"Abin da ya bi ta ofis, a ofis yake kwana."

Ya yi dariya. "Na sani, na sani. Ban zo ki buɗe mini fayil ba. Jibi zan miƙa takardar barin aiki a wurinmu, in na miƙa kuwa ba dawowa. Shi ya sa na ce bari in zo tukuna in ji ta bakin yayata. Ba bakin hukuma ba, na yayata."

Ta ci gaba da zuba ruwa a tukunyar da ta riga ta cika, har yana malalowa yana jiƙa mata silifas. Maganar tana nan a kan harshenta, wadda ta saba, wadda ba ta taɓa yi mata nauyi ba. Ta kuma san in ta faɗa zai bi, ko da zai daɗe yana kumbure-kumbure. Amma ta hango abin da zai biyo baya tar. Auta ya zo gidanta Asabar, Litinin ya janye. Masu gilashi su sha jinin jikinsu su fara kwashe abin da ya rage. Santsi ya haura sama da murmushinsa ya ce, ranka ya daɗe, ni dai ban ce komai ba, amma a duba wa ya ziyarci wa. Duk shekarun da ta yi tana tsare sunanta su tafi a banza, kujera ta faɗa hannun Santsi. Tsoro ne ya kama ta, tsoro zalla, sai ta yi maza ta raɗa masa suna rantsuwa.

"Ka san ba na maganar banki a gidan nan," ta ce.

Ya tsaya yana kallon fuskarta. Ya jira kamar yadda ya saba jira tun yana yaro, ya ba ta lokacin da za ta ajiye butar, ta gyara tabarau, ta yanke masa hukunci. Ba ta ajiye ba. Can sai fuskarsa ta washe, ya tafa hannu.

"Shi ke nan! Hukuma ta yi shiru."

Ya miƙe yana ƙwala wa matarsa kira, wai ta fito ta ji abin mamaki, yau Yaya ba ta hana ba. Ya shiga ya durƙusa gaban Inna ta sa masa albarka, tsohuwa har da hawayenta. Jan Biro ta ji abin da ya faɗa sarai, ta kuma san yadda ya ɗauki shirunta, ai ita ta koya wa rabin bankunan garin wannan karatu. Daga baranda zuwa inda ya ajiye mota ba wata tafiya ba ce. Ta tsaya da buta a hannu har mai gadi ya rufe ƙofa.

Auta ya hau ƙololuwar bene. A zaman farko na majalisa aka turo masa rahoton shekara mai kauri, aka ce an riga an duba, kowa sa hannu kawai yake yi. Ya sa. Me zai hana shi? Bankin da yayarsa ta gama bincika ta yi shiru a kai, shi ne zai tsaya yi wa tone-tone? Labulen da matarsa ta zaɓar wa sabon ofishin ma ba a karɓo daga wurin tela ba, wata safiya motocin hukuma suka cika harabar. Aka tara daraktoci a ɗakin taro, aka karɓe katunan shiga da makullan motocin aiki, aka karanta musu hukunci. Duk wanda ke kan kujera a ranar, kuma hannunsa ke kan rahoton, an dakatar da shi daga aikin banki kowane iri har sai an gama shari'a. Kowa a sana'ar ya san irin wannan "har sai" ɗin, mutum yakan tsufa a cikinta. Masu bankin na ainihi kuwa tuni sun haye jirgi, wai sun tafi duba lafiya.

Ya sauko ta matakala da jakarsa a hannu, masu ɗaukar hoto suna jira a bakin ƙofa. Da yake shi ne ƙanin mai binciken, hotonsa jaridu suka fi so. Daga bakin titi ya kira wayar yayarsa. Tana kallonta tana ruri a kan tebur, ta sa hannu ta kife ta.

Ba a jima ba aka ba ta kujerar. A wurin taron Shugaba ya tashi ya yi jawabi, ya ce ga macen da ko ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya ba ta ɗaga wa ƙafa ba, matasa su yi koyi. Aka yi ta tafi, Santsi ne ma ya fi kowa tafawa. Ita kuwa, don Allah a ji, daɗi ta ji. Ya ɗan zo mata da ɗaci, amma daɗi ne, ta haɗiye abinta. Sabon ofishin yana da kafet mai laushi da banɗakinsa a ciki, aka kuma ƙara mata sakatariya.

Matar Auta ce ta fara zuwa gidan, da yamma, ko sallama babu. Tun daga bakin ƙofa ake jin muryarta.

"Ina take? Ina Darakta?"

Jan Biro ta fito falo da kayan ofis a jikinta, ta tsaya tana kallonta ta saman tabarau.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya," in ji matar. "Na ce bari in zo in yi miki murna da ƙafata, tunda da naman mijina aka yi walimar."

"Ki iya bakinki. A gidana kike."

"Gidanki na sani. Namu ne ban sani ba ko zai kai baɗi. Kin san yau mutumin nan ya sa kwat da safe, ya ɗaura agogo, ya zauna a falo? Ba inda za shi. Ya je tsohon wurin aikinsa, mutanen da ya koya wa aiki suka bar shi a ɗakin jira har aka tashi. 'Yarki ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata 'yar ɓarawo. 'Yarki fa, mai cewa in ta girma irinki za ta zama. Allah ya kiyaye!"

"Akwai doka. Na yi rantsuwa."

"Rantsuwa! Da kika hana shi sayen filin bayan tasha, wace rantsuwa kika karya? Wa ya ce ki faɗa masa sirri? Shekara da shekaru kin zauna mana a wuya, ko kujerun falo ba ma sauyawa sai an ce bari a ji ta bakin Yaya. Rana ɗaya tak da bakin nan naki zai yi amfani, sai kika ɗinke shi."

Fushi ya taso wa Jan Biro. Ta leƙa ta kira mai gadi ta ce ya raka baƙuwa waje. Matar ƙaninta, uwar 'ya'yansa, da mai gadi! Bawan Allah ya zo ya tsaya yana sosa ƙeya, matar ta yi tsaki ta fice da kanta. Ƙofar ɗakin Inna a buɗe take, ba abin da tsohuwa ba ta ji ba.

Auta bai zo ba, bai sake kira ba. Ta aika direba da buhunan kayan abinci, aka dawo mata da su ko buɗewa ba a yi ba. A mota, a hanyar ofis, takan shirya bayanin da za ta yi masa, ta jera shi tsaf, ta gyara nan ta soke can. Ta yi kewarsa ƙwarai, kuma tana jin haushinsa da ya sa ta kewar. A gida Inna tana amsa gaisuwa, tana cin abincinta, daga nan ba ƙari.

Sai wata safiyar hutu ga Auta a ƙaramar motar matarsa. Ya rame, gemun ya yi buzu-buzu, rigar ta yi masa yawa. Ya shigo falo ya ce ina kwana, bai zauna ba.

"Zauna in yi maka bayani," ta ce. "Da na ce maka kada ka je..."

"Da na janye ranar Litinin, da sun gane, da Santsi ya kai sunanki sama. Na sani. Na zauna na bi abin daki-daki, ai ba ni da wani aiki yanzu sai shi. Daidai kika yi shi. Ko ni aka ba in duba, ba zan sami kuskure ba."

"To ka gane ke nan."

"Na gane. Da ina zaton in aka ɗora ni a sikeli da wani abu, ko mene ne shi, ni zan rinjaya a wurinki. Wautata ce wannan, ba taki ba."

Ta ji maganar har cikin ƙashi, sai ta jawo babban makaminta. "Ba kai kaɗai ba ne a duniya, Auta. Da magana ta fita, talakawa masu ajiya fa? Da kuɗinsu aka fara kwashewa."

"Haka ne." Ya dube ta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. "Ranar nan, a baranda, su kika tuna?"

Da wata ce da ta ce eh, magana ta wuce, wa zai buɗe ƙirjinta ya duba? Amma Jan Biro ba ta iya ƙarya ba, shi ne abu ɗaya da ko maƙiyanta ba sa musu a kai.

"A'a," ta ce.

Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya juya wajen ɗakin Inna ya ce, "Inna, kin shirya?"

Tsohuwa ta fito tana dogara sanda, da mayafinta na fita, tana jan wata tsohuwar jaka da ɗaya hannun. Ashe ita ta sa aka kira mata shi. Jan Biro ta miƙe zumbur.

"Inna, ina za ki?"

"Gidan ƙaninki."

"Gidan da za su bari? Na ji haya za su koma fa, a saman bene, ɗaki biyu, ga hawan bene, ga ƙafarki. Likitanki ma a nan kusa yake."

"Na sani."

"To don me? Me na rage ki da shi a gidan nan?"

"Ba ki rage ni da komai ba." Inna ta tsaya ta numfasa. "Ni ban san banki ba, 'yar nan, ban san dokarku ba. Abin da na sani, yaron nan ya durƙusa a gabana, na ɗora hannu a kansa na ce ya je Allah ya ba da sa'a. Kina baranda kina jina. Kin bar ni da bakina na sa wa ɗana albarka ya tafi ya faɗa rami."

Auta ya karɓi jakar. A bakin matakalar fita Jan Biro ta miƙa hannu za ta tallabe ta, Inna ta mayar da sandar wannan gefen ta kama kafaɗar ɗanta. Suka sauka a hankali, ita tana biye da su har mota, Darakta guda, ba takalmi. Da aka zaunar da tsohuwa aka gyara mata ƙafa, ta sunkuya ta taga.

"Yaushe za ki dawo, Inna?"

Inna tana kallon gabanta ta ce, "Ki sa a kwashe sauran kayan a bai wa mabuƙata. Kada ki ajiye mini ɗaki."